Hitar Hilux ɗina tana zubar da ruwa cikin mota: in canja ko in yi baifas?

Baban Ummi (Kawo):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kan motata, Hilux ce ta 2012, injin fetur 2.7. Kusan sati uku ke nan ruwan lagireto yana raguwa. Kullum da safe sai na ƙara kusan rabin gora, kuma na duƙa ƙarƙashin mota ban ga ko ɗigo a ƙasa ba.

Shekaranjiya bayan asuba na ɗauki Hajiyarmu zan kai ta Zariya ganin likita. Mun wuce Jaji ke nan ta ce sanyi ya dame ta, sai na murɗa hita. Ko minti biyar ba a yi ba gilashin gaba ya rufe da hazo ta ciki. Na sa hannu na goge, na ji maiƙo-maiƙo a yatsuna, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar. Da muka isa ta ce takalminta ya jiƙe. Na ɗaga tabarmar ƙafa, kafet ɗin sharkaf da ruwa mai launin tsatsa.

Makanikina ya ce ƙaramin lagireton hita ne ya huje, wanda ke cikin dashbod. Ya ce ko dai a sauke dashbod gaba ɗaya a canja shi, ko a yi baifas, wato a haɗa tiyo biyun da ke kai wa hitar ruwa a wajen injin a manta da ita. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji yi baifas ka huta. A Kaduna muke, ba a Rasha ba. Sanyin da bai wuce wata biyu ba a shekara, rigar sanyi da hula sun isa. Aikin minti ashirin ne, ɗan guntun bututu da kilif biyu.

Direban Kaciya:
Ɗan Rigasa, wanda yake yawo cikin gari daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci ƙarfe goma na safe shi ne zai ce haka. Ni citta nake ɗaukowa daga Kaciya da Kwoi, kuma lokacin cittar shi ne lokacin hunturu. Ka fita ƙarfe biyar na asuba a watan Janairu ka ji yadda yatsunka za su ƙage a kan sitiyari. Ballantana shi tsohuwa yake ɗauka, marar lafiya. Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka gyara hitarka.

Baban Ummi (Kawo):
Amin, na gode. Gaskiya Hajiya ce ta sa nake jinkirin baifas ɗin. Duk wata sai mun yi wannan tafiyar, kuma layin ganin likita sai da sammako.

Maman Sadik:
Kafin a kai ga sauke dashbod, Alhaji ka tabbata ba ruwan AC ba ne? Tawa motar da nake ɗaukar abincin kaji da ita ta taɓa jiƙa kafet ta gefen fasinja, hankalina ya tashi, ashe ɗan bututun da ke fitar da ruwan AC ƙarƙashin mota ne ƙura ta toshe. Aka zura waya aka buɗe shi, magana ta ƙare.

Oga Makaniki:
Hajiya tambayarki tana kan hanya, kuma da ita ya kamata a fara. Amma ruwan AC fari ne tas, ba wari, ba maiƙo, kuma ba ya rage ruwan lagireto. Alhaji ya kawo alamu huɗu a tare: ruwa na raguwa ba a ganin inda yake zuba, gilashi na hazo mai maiƙo, wari mai zaƙi, kafet ya jiƙe da ruwa mai launi. In waɗannan suka haɗu, hita ce.

Bari in yi bayani don wasu ba su san yadda abin yake ba. Hitar mota ba wutar lantarki take amfani da ita ba. Wani ɗan lagireto ne, bai fi girman littafi mai kauri ba, an ɓoye shi cikin akwatin roba a bayan dashbod. Tiyo biyu ne suka ratsa bangon da ya raba injin da cikin mota, ɗaya ya kai masa ruwan zafi daga injin, ɗaya ya mayar. Fankar cikin dashbod ta hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta fito. A yawancin motocin zamanin nan ruwan yana bi ta cikinsa kullum, ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba. Abin da kake murɗawa ƙyaure ne kawai da ke juya iska. Shi ya sa ruwan Alhaji ya yi sati uku yana raguwa tun kafin ya taɓa maɓallin.

Shawarata, a yi baifas yau ɗin nan, amma na wucin gadi. Kada ka ƙara tafiya Zariya da ita a haka. Ƙaramar huda ce yanzu, ranar da ta buɗe ruwa mai tafasa ne zai zubo kan ƙafar wanda ke zaune a gaba, injin kuma ya rasa ruwa a tsakiyar hanya. In an haɗa tiyon, sai ka nemi kaya a natse.

Sai dai ina da tambaya ɗaya, kuma ita ce ta fi komai. Wane ruwa kake zubawa a lagireto?

Baban Ummi (Kawo):
Oga, gaskiya ruwan rijiyar gida. Lokacin da na sayi motar akwai jan ruwan nan a ciki. Da aka wanke lagireto shekara biyu da suka wuce an zuba mini gora ɗaya ta kore aka cika da ruwa, tun daga nan ruwa kawai nake ƙarawa.

Oga Makaniki:
To ga abin da ya cinye hitar nan. Kulan, wato jan ko koren ruwan nan na lagireto, ba don ƙasashen ƙanƙara kawai aka yi shi ba, kamar yadda mutanenmu suke zato. Akwai sinadarin hana tsatsa a ciki. Lagireton hita alminiyon ne, bututunsa sirara kamar tsinken tsintsiya. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri-gishirin ƙasa, suna barin datti kamar wanda kake gani a gindin butar shayi, ga tsatsar da ke tasowa daga cikin injin. Duk wannan dattin a ƙananan bututun yake taruwa, ya ci su ta ciki. In ka sa sabo ka ci gaba da ruwan rijiya, haka za a sake sauke dashbod.

Ɗan Rigasa:
Oga da girmanka, amma motocin haya nawa ne a Kawo da Mando suke tafiya da ruwan famfo shekara da shekaru? Ban ga sun mutu ba.

Oga Makaniki:
Ƙanena, su nake gyarawa, na san cikinsu. Ka zo gareji in nuna maka wata-fom ɗin da na cire makon jiya, wato famfon da ke zagaya ruwa a injin, fukafukansa sun cinye saura kututture. Kuma ka duba motocin da kake magana, kusan duk an riga an yi musu baifas. Hitar ce take fara mutuwa, don ita ce mafi laushi a duk hanyar ruwan.

Malam na Tudun Wada:
Ni abin da ban gane ba, ana cewa hita tana hana gilashi hazo. Amma a hunturu iska busasshiya ce, ba a hazo ta ciki. Da damina ake yi, kuma AC kaɗai yana gogewa, don yana tsotse laimar iska. To me ya rage wa hitar ban da ɗumama jiki?

Direban Kaciya:
Malam haka ne, AC yana gogewa. Amma ka yi tafiyar dare cikin ruwan Agusta, mutum biyar a mota, ka bar AC a kunne awa biyu ka ji abin da fasinja za su ce. Da hita sai ka haɗa su, AC ya busar da iskar, hita ta ɗumama ta. Sannan akwai wani amfani da direbobi suka sani. Ranar da allurar zafi ta fara hawa kana tsakiyar daji inda ba ka son tsayawa, ka kashe AC, ka buɗe hita har ƙarshe da fanka, ka sauke gilasai. Tana janye wani zafin daga injin. Ni ta taɓa kai ni har gari na gaba da fankar lagireto ta mutu. Gumi na sha, amma injin ya tsira.

Malam na Tudun Wada:
Wannan kam ban sani ba. Allah ya ƙara basira.

Mai Shago a Fanteka:
Alhaji akwai maganin toshe huda da ake zubawa a lagireto, gora ɗaya. Wasu suna saya suna cewa ya yi musu.

Oga Makaniki:
Don Allah kada ka zuba. Ba ya bambance huda da bututu. Zai iya tsayar da ɗigon na ɗan lokaci, amma ya toshe sauran bututun hitar, ya shiga babban lagireto ya rage masa hanya. Haka masu zuba garin sabulu ko ƙwai, duk na gani. Daga ƙaramar matsala a koma neman lagireto.

Mai Shago a Fanteka:
Na karɓi gyara, Oga. To maganar kaya: akwai sabo a kwali, akwai na Baljiyam da aka ciro daga wata motar. Alhaji in za ka zo, ka bari a ciro tsohon ka riƙo shi a hannu. Ba duk Hilux ne iri ɗaya ba, lanƙwasar bututun tana bambanta, wasu ma da aka yi don ƙasashe masu zafi ba su da hita sam. Kuma in na Baljiyam za ka ɗauka, kada ka biya sai an gwada a gabanka. A toshe baki ɗaya, a nutsar da shi cikin bokitin ruwa, a hura iska ta ɗaya bakin da famfon taya, a hankali ba da ƙarfi ba. In kumfa ta taso ko ɗaya, ajiye shi. Ka leƙa cikin bututun kuma, in ka ga jan laka, motar da aka ciro shi ma ruwan banza ta sha.

Maman Sadik:
Ni a ganina aikin da sai an sauke dashbod ba a sa masa tsohon kaya. In na Baljiyam ya huje bayan wata shida, kuɗin aikin ne za a sake biya, kuma shi ne mai yawan.

Mai Shago a Fanteka:
Gaskiya ne Hajiya, amma wani sabon na kwali ma bai kai tsohon na asali ƙwari ba. Ka ɗaga su biyun a hannu za ka ji bambancin nauyi. Sai mutum ya sa ido.

Rewaya na Kakuri:
Ku bar ni in yi maganar dashbod, don ni ake kawo wa gyaran ɓarnar da aka yi a nan. Alhaji, canja hitar kanta bai kai minti goma sha biyar ba. Isa gare ta ne aikin wuni guda. Za a cire rediyo, mita, akwatin gaban fasinja, a sauke sitiyari, a kwance ƙarfen da ya ratsa bayan dashbod, sannan akwatin iska ya fito. Saboda haka ka kula da waɗannan:

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na nagetif, a jira aƙalla daƙiƙa 90. Haka Toyota ta ce saboda eyabag, jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi haɗari. Duk soket mai launin rawaya na eyabag ne, ba a gwada shi da fitilar gwaji. In an cire sitiyari, a daidaita tayoyi tukuna, kuma kada yaro ya yi wasa da faifan wayar da ke bayansa. In ya juye, ranar da ka murɗa sitiyari har ƙarshe wayar ciki za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar eyabag ta kama.

Ka ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin a zare. Notuna da sukurori kuma a zuba su a gwangwanaye daban-daban, na mita daban, na rediyo daban. Na sha ganin an gama aiki saura sukurori bakwai a faranti, yaro ya zuba a aljihu. Mai mota ya hau hanyar Birnin Gwari dashbod na ta kaɗa kamar ganga. Robar motar da ta yi shekara goma tana shan ranar Kaduna ta bushe, in aka ɓamɓare da ƙarfi karyewa take yi. Kada ka ba mai gaggawa, kuma kada a fara da la'asar.

Sannan da wuya akwatin ya fito ba a kwance bututun AC ba, wato gas zai tafi. Ka sa kuɗin mai AC cikin lissafi. A toshe bakin bututun da leda mai tsabta don ƙurar hunturu, kuma a ja iska da injin bakyum kafin a zuba sabon gas, R134a. Tunda an buɗe, a wanke kwandon sanyin AC ɗin gaba ɗaya, za ka sha mamakin dattin da ke jikinsa.

Baban Ummi (Kawo):
Malam Rewaya, Allah ya saka da alheri. Wallahi maganar gas ɗin ba a faɗa mini ba.

Oga Makaniki:
In ƙara a kan nasa. Bututun sabuwar hitar laushi ne da su. In tsohon tiyo ya manne, a tsaga shi da reza, kada a kama da filaya ana murɗawa. Tiyo biyun ma a canja su, sun sha shekaru. Soson da ke zagaye da hitar a mayar da shi, in ba haka ba iskar zafi za ta riƙa satar hanya tana ɓata maka sanyin AC.

Kuma kafin a haɗa sabuwar da injin, a wanke hanyar ruwan duka har sai ruwa ya fito fari. A duba murfin lagireto, don shi ke riƙe matsin ruwan, lambar tana rubuce a kansa, galibi 0.9 ko 1.1, a sa irin wanda ya zo da motar. A kunna injin da sanyi murfi a buɗe a duba: in kumfa tana tasowa ba tsayawa, gasket ɗin sama, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, yana hura iska cikin ruwa, kuma wannan matsin zai fasa sabuwar hitar ma. Alhaji, tamostat ɗinka, ɗan ƙyauren nan da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, yana nan?

Baban Ummi (Kawo):
An cire shi lokacin wankin lagireton nan. Aka ce ba a buƙatarsa a ƙasar zafi.

Ɗan Rigasa:
Ai gaskiya aka faɗa maka. Kowa cirewa yake yi, shi ke kawo obahitin.

Oga Makaniki:
Wanda ya lalace ya maƙale a rufe shi ke kawo obahitin, maganinsa a sa sabo. Na wannan injin yana fara buɗewa wajen digiri 82, don injin ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, da asubar hunturu a kan babbar hanya injin ba zai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ba shi mai da yawa tana zaton yanzu aka tayar. Ga shan mai a wannan tsadar. Kuma ga Alhaji musamman, in ba tamostat, ya kashe kuɗi ya sa sabuwar hita, iskar da za ta fito wa Hajiya ɗumi-ɗumi ce kawai.

Ɗan Rigasa:
Ni dai tawa ba tamostat shekara huɗu, lafiya lau. Amma na ji maganar man, zan lura.

Maman Sadik:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Ruwan kulan guba ne, kuma zaƙi ne da shi, shi ya sa dabbobi suke lasa. Yana lalata ƙoda. Alhaji in a gida za a juye tsohon ruwan, kada a bar shi a roba inda yara ko awaki za su kai, kuma kada a ajiye sabon a gorar lemo. Kafet ɗin ma a ciro shi a wanke a shanya, har soson ƙarƙashinsa. In aka bar shi zai yi wari, ƙasan motar ya yi tsatsa, kuna ta shaƙar tururin.

Baban Ummi (Kawo):
Jama'a na dawo da bayani, yau kwana tara. Washegarin maganarmu aka yi baifas, ruwa ya daina raguwa, wanda ya tabbatar mana hitar ce. Asabar muka shiga aikin ƙarfe takwas, da makanikina da rewaya da mai AC, na zauna a kan benci ban tafi ko'ina ba. Sai bayan azahar akwatin ya fito. Da aka zaro tsohuwar, kusurwarta ta ƙasa ta yi fari-fari da kore kamar gishiri ya bushe a kai, muka girgiza ta laka ta zubo. Na riƙe ta na hau babur zuwa Fanteka. Na farkon da aka kawo na Baljiyam ya yi kumfa a bokiti, ƙanana ƙanana daga gefen bututu, da ido ba za ka ga komai ba. Sai na ɗauki sabo, mai nauyin cikin biyun da aka nuna mini.

An sa tamostat da murfi da tiyo biyu, an wanke injin sau uku kafin ruwa ya fito fari, aka zuba kulan ɗin nan na Toyota mai launin ruwan hoda wanda ba a sirkawa. Mun gama ana kiran magariba, ba sukuru ko ɗaya da ya rage. Kilif ɗaya na gefen mita ya karye, aka ɗaure.

Jiya muka je Zariya. Kafin Maraban Jos motar ta ɗumama, Hajiya ta cire mayafin da take rufe ƙafa da shi ta yi barcinta har Kwangila. Sai dai ina jin wani ƙara kamar ruwa na gudu a bayan dashbod idan na taka totur da safe. Kafet a bushe yake, na duba. Oga, wannan fa?

Oga Makaniki:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Iska ce ta maƙale a hitar, ba huda ba ce. Gobe da safe kafin ka tayar, ka ajiye motar hancinta a kan tudu, ka buɗe murfin lagireto injin na sanyi, ka cika, ka murɗa hita zuwa zafi, ka tayar ka bar ta har tiyon sama ya yi zafi. Za ka ga kumfa na fita ruwan na sauka, sai ka riƙa ƙarawa. In ya daina ka rufe, ka cika robar gefe zuwa layin sama. Kada ka kuskura ka buɗe murfin injin na da zafi. Ka duba robar kwana uku a jere da safe. In ƙaran bai tafi ba, ko ruwan ya ci gaba da sauka, ka rubuto nan mu duba maganar gasket.

Direban Kaciya:
Oga, tawa dizal ce 2.5, ita ma haka ake fitar mata da iskar? Hitata ɓangare ɗaya take ɗumi tun bara.